Salka a Ƙasa

Daren Asabar, Maris 2014, unguwar Arba wa Nus, Masar

Har yanzu 'yata Hajara ba ta yi min magana ba. Ita ta kai ni gidan tarihin nan, inda ake kwaikwayon zaman iyali a bakin iyakar Sudan zamanin Turawa. Bukkar sak wadda aka haife ni ciki. Sai na hango salkarsu yashe a ƙasa cikin rana. Inna ta taɓa marina kan haka. Na tsallake igiyar da ta kange 'yan kallo na rataye salkar a inuwa.

Mai gadi ya cafke hannuna: "Fasfo, ya Hajj!" Ga iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare tun bara. Hajara na ta ma'alish, tana ba shi haƙuri. Ta raɗa min, "Baba, kan fatar akuya za a kore ka daga Masar?" Na ce fatar akuyar ce ta kawo kakanninta daga Kano da rai.

Matar da ke wasan uwargida ta ce haka kakarta ke yi, a ƙyale ni. Ya sake ni, amma ya tambayi unguwarmu. Tun da muka dawo gida, duk motar da ta tsaya a ƙasan benenmu sai in leƙa ta taga.

Ɗazu da za mu fita daga gidan tarihin na waiga. Salkar tana nan rataye.