Wankan Nana Khadija

Ƙofar Taramniya

Ƙanwata Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, tunda kin ƙi ɗaukar wayata, ga takarda. Jiya 'yan sanda sunka zo rumfarmu ta nama, sunka tafi da ƙanenmu Hayatu a gaban jama'a. An ce ke kinka kai ƙara, wai shi ya kashe ɗiyarsa Nana Khadija. Zazzaɓi ne ajalin yarinyar. Mun ba ki wankan gawa don ke gwaggonta ce, ba don ki tona mana asiri ba. Ki je ki janye.

Yayanki,
Maccido

Kalambaina

Yaya Maccido,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, amma ba zan janye ba. Ni na cire mata riga. Bayanta duk shatin wayar wuta ne, sabo a kan tsoho, ga haƙarƙari a karye. Wane zazzaɓi ke yin haka? Maƙwabciyarsu a Tudun Wada ta faɗa wa jami'ar jin daɗin jama'a cewa tun rasuwar uwar yarinyar, duk ranar da Nana Khadija ta yi fitsarin kwance sai ta jiyo ihunta ta katanga. Ƙanenta Salihu yana wurinka. Ku ba ni shi.

Ƙanwarka,
Zulaihatu

Zulaihatu,

Sallama. Wa ya tashi a gidanmu bai sha bulala ba? Yanzu ana maganar tono kabari don likita ya duba ta. In anka taɓa kabarin nan, ba ni ba ke har abada. Salihu kuwa yana da iyaye maza.

Wassalam,
Maccido

Yaya,

Barka da yini. Mun sha bulala, amma ga mu da ranmu muna zagin juna. Ita shekararta biyar. Alƙali zai zauna ranar Litinin, kuma zan faɗi abin da idona ya gani. Kafin ka sake aiko mini takarda, ka ɗaga rigar Salihu.

Allah ya ba mu alheri,
Zulaihatu

Zulaihatu,

Sallama. Na ɗaga. Ga shi nan tare da matata Wasila, da kayansa. Ki kai shi asibiti, hannunsa na hagu ba ya miƙewa. Kada ki zo gidana, ban shirya ganinki ba. Litinin zan je kotu, kuma ba a bayan Hayatu zan zauna ba.

Wassalam,
Maccido