Umaru Bai Zo Gaisuwa Ba

Baban Rahila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu. Na san ba za ka karanta wagga takarda ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, sai ka ce tabarau ya ɓace, alhali yana bisa goshinka.

Gida lafiya lau. Rahila ta haihu, namiji, an sa mashi sunanka, ya kuma kwaso kunnuwanka, Allah sarki yaro. Unguwarmu Mabera tana nan yadda ka bar ta. Amma labarin Umaru mahauci nake son ba ka.

Ka tuna shekarar da ya fito gidan yari? Mahauta sunka hana shi teburi a kasuwa, ubansa ma ya hana shi taɓa wuƙa. Kai kuwa ka kira shi ya yanka muna bunsurun Kirsimeti. Kowa ya san Musulmi muke ba yanka don maƙwabta su ci abincinmu da kwanciyar rai. Amma duk Musulmin Sakkwato, ba ka ga kowa ba sai wanda ya ɗauke janareton makaranta? Maƙwabciyarmu Hajiya Inno ta ƙi buɗe kwanon da munka aika, sai da maigidanta ya ce yankan ya halatta tunda an yi bisimilla. Dattawan ikilisiya sunka ce ka mai da gidanka matattarar ɓarayi. Ka ce masu da irin su Umaru Ubangijinka ya ci abinci.

Tun daga nan duk shekara shi ke zuwa. Yana fiɗa yana roƙonka ka musulunta, kai kana riƙe da ƙafar bunsuru kana ba shi labarin gicciye. Ba wanda ya ja wani ko taku ɗaya. Ni dai hanta nake jira.

To, da ka rasu, Umaru bai zo gaisuwa ba. Masu shago sun zo, mai ruwa ya zo, Hajiya Inno ta wuni nan tana korar yara daga tabarma. Shi ko ƙeyarsa. Ɗanka Istifanus ya ji haushi ƙwarai. Ya ce bana ko Umaru ya zo yankan Kirsimeti a sallame shi daga ƙofa, ya riga ya samo wani mahaucin. Ka san ɗanka, in ya rufe ƙofa har da sakata yake sawa. Ni kuwa ban yarda abin da ka ƙulla ya tsinke ban ji dalili ba.

Na hau keke har Dundaye, inda yake da teburinsa yanzu. Yana hango ni ya laɓe bayan cinyar saniya da ya rataye. Na ce mashi ya fito, cinyar ta fi shi ƙiba amma ƙafafunsa sun tona shi. Ya fito ya durƙusa, yana Inna, Inna, ya kasa ɗaga ido.

Ashe ya zo har ƙofar gida ranar da anka bizne ka, ya juya. Ya tambayi malaminsa, an ce mashi ba zai ce Allah ya jiƙanka ba tunda ba a Musulunci ka cika ba, sai dai ya ce mani Allah ya ba da haƙuri. Umaru ya ce wannan ai ko wanda akuyarsa ta ɓace ana ce mashi haka. Ya za a yi ya kawo wannan kaɗai a kan mutumin da ya maido mashi wuƙarsa? Addininsa kuma ba zai tsallake ba. Shi ya sa ya zauna gida da kunyarsa.

Mi za ka ce mashi in kai ne? Ni dai na ce kada ya saɓa wa malaminsa don ni, ni ma ba zan bar Ubangijina don shi ba. Na ce zancenka Yesu ya gama shi tuntuni, ba amincewar mahaucin Dundaye ake jira ba. Haƙuri kuwa ni da ke raye ina buƙatarsa, ya faɗa mani in ji.

Ya faɗa. Baban Rahila, mutane da yawa sun faɗa mani wagga kalma, har da fasto. Tasa ce ta sa ni hawaye, a tsakiyar kasuwa, gaban ƙudaje.

Da na dawo na zaunar da Istifanus na ba shi labari. Ya ce a bar wa Umaru yankan. Wancan mahaucin da ya samo, shi zai je ya ba shi haƙuri da bakinsa, ba ni ba.

Saura abu guda da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da ka miƙa wa Umaru wuƙa gaban jama'a, na ji daɗin zama matarka. Na yi shiru ne don kanka saurin kumbura gare shi. Yanzu kam ya kumbura, ba ni zan saya maka hula ba.

Ka huta lafiya wurin Ubangiji, sai na iso.

Taka,
Maryamu, tsohuwar da ka bari da bunsuru