'Yar Mai Ganye

Asabar, 19 ga Yuli

Yau Baffa ya yanke mini wa'adi. Ya ce tun da na gama makaranta shekara guda ke nan ina danne ciyawa a cikin jarida ina kiranta sana'a. Ya ba ni zuwa ranar Takutaha, bikin hawan dutsen Dala da ake yi mako guda bayan Maulidi. In har ranar ta zo ban samu kanti ko ɗaya da ya karɓi aikina ba, washegari in ɗauki hijabina in bi shi shago Ƙofar Wambai.

Shagon da ake sayar da furen roba! Ni Sa'adiyya. Jajaye da ruwan ɗorawa, an soke su a tukunyar roba, ƙura ta zauna a kansu ta yi kauri, kashin ƙuda ɗigo-ɗigo a kowane ganye. In rana ta buga su har wani ƙauri suke yi. Ko wucewa zan yi ta layinsu sai na kau da kai.

Ban yi masa musu ba. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ba ni da bakin cewa a'a. Na ce to.

Litinin, 21 ga Yuli

Na je wajen Hajiya Khadijat, mai kantin kayan ƙawata ɗaki a Nassarawa. Ta duba hotunan aikina a waya da wutsiyar ido, tana amsa wata wayar. Ta ce hoto ba shaida ba ne, in kawo firam goma ta gani da idonta, ranar Alhamis ta jajiberin Takutaha. In sun yi mata za ta ajiye. In ba su yi ba, "kar ki ji haushi, ƙanwata."

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Laraba, 23 ga Yuli

Na sayo furen ros wajen masu lambu a bakin titi, irin wanda nake gani matan ƙasashen waje suna yi a intanet. Na shimfiɗa su a jarida, katako ƙasa katako sama, na ɗora tsohon dutsen niƙan Ya Kaka.

Ya Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta tana haɗa turaren wuta, ta leƙo ta ce, "Wannan maganin mene ne?"

Na ce ba magani ba ne, ado ne.

Ta ce, "To na miya ne?"

A gidan nan da unguwar nan duk ganyen da ya bushe, ko dai a dafa shi a sha, ko a kaɗa shi a ci da tuwo. Babu na uku. Kakata ce, daga Barno aka kawo ta tun tana yarinya, ta fi shekara saba'in, amma wallahi wani lokacin ji nake kamar in kwala ihu.

Lahadi, 3 ga Agusta

Na ɗaga dutse.

Innalillahi. Funfuna. Fari-fari da kore-kore, kamar tuwon da aka manta a kwano kwana huɗu. Ros ɗin sun narke sun manne da jarida, sun zama baƙin caɓi, ga wani wari mai tsami da ya bugi fuskata. Da na ɗaga ta ƙasan har da 'yan tsutsotsi farare suna motsi. Na fita da gudu na yi kakarin amai a bakin rariya.

Na wanke hannu sau uku da sabulu, har yanzu ina jin warin a farcena.

Talata, 5 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Bango ya jiƙe, tabarma ta jiƙe, jarida ma tana da danshi. Damina ba ta san da ni ba.

Juma'a, 8 ga Agusta

Na haƙura da ros. Naman jikinsa ya yi kauri, ba zai bushe a wannan danshin ba. Na zagaya gindin dutsen Dala na tsinko abin da na samu: furen rai-ɗore, furen tafasa, na zogale daga gidan maƙwabta, da ɗan furen lalle. Sai da na toshe hanci, don wajen da suka fi kyau nan ne mutane suka mayar juji. Leda, kashin awaki, ruwan kwata. Takalmina ya nutse a wani abu da ban tsaya duba ko mene ne ba.

Ciyawar juji zan kai Nassarawa. Allah ya kyauta.

Alhamis, 21 ga Agusta

Sun yi! Kullum ina canja jarida, kuma sun yi. Rai-ɗoren nan ya fito ruwan ɗorawa shar, ganyensa a miƙe kamar an goge. Na ƙirga, za su cika firam bakwai. Na jera su a kwali, kowanne a cikin farar takardarsa, na ɗora a kan akwati. Yau har waƙa na yi ina wanke-wanke.

Asabar, 23 ga Agusta

Dole sai na rubuta wannan.

Na je wajen kafinta karɓo firam. Na dawo na tarar da tsakar gida yana wani irin ɗaci-ɗaci, tukunya tana tafasa a murhu. Kwalina a buɗe a gefe. Takardun a warwatse, kusan babu komai a ciki.

'Yardada, maƙwabciyarmu, zazzaɓi ya kwantar da ita. Aka aiko wa Ya Kaka. Ita kuwa ta tuna ta ga rai-ɗore busasshe a ɗakina, "mai tsafta, babu ƙasa ko ɗaya." Ta juye shi a tukunya. Da ta ga zogale ta ce ai shi ma yana ƙara jini, ta zuba. Tafasar ma ta bi su. Lallen kawai ta bari, shi ma don ta ce ba a shan sa.

Na leƙa tukunyar. Aikin sati biyu yana juyawa a cikin baƙin ruwa, ya yi laɓe-laɓe kamar miyar da ta kwana.

Na ce, "Ya Kaka, me na yi miki?"

Ta ce, "Ke 'yar nan, mace tana kwance tana karkarwa, ke kina ajiye magani a takarda kina kallo?"

Ko haƙuri ba ta ba ni ba. Ita a ganinta taimakona ta yi, ta sama mini lada. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ban ci tuwon dare ba, don da ludayin da ta juya tukunyar aka zuba miya.

Litinin, 25 ga Agusta

'Yardada ta warke. Ko maganin asibitin da ta sha ne ya yi aiki, ko furannina, oho. Ita dai ta shigo da kanta tana ta shi mini albarka da ƙarfi, don duk layin su ji: "Ashe muna da 'yar mai ganye a gida muke wahalar zuwa kasuwa!"

'Yar mai ganye. Matan nan masu zama a gefen kasuwa da ƙulle-ƙullen sassaƙe da saiwa, suna kiran maganin basir da na sanyi. Da takardar shaidata ta zane a cikin akwati. Na ji kamar an watsa mini ruwan kwata.

Laraba, 27 ga Agusta

Mata uku yau. Ɗaya ciwon mara, ɗaya tarin jikarta, ɗaya kuwa ta ja ni gefe tana raɗa, ta fara kwance zani za ta nuna mini wani ƙurji. Na runtse ido na ce don girman Allah ta tafi asibiti.

Baffa ya dawo ya ji labari, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Sa'adiyya, ai wannan ma sana'a ce, ta fi ta danne ciyawa." Ya ce ya sa an gyara mini benci a shago.

Alhamis, 28 ga Agusta

Saura sati biyu cif. Ga ruwa ba ya ɗaukewa. Ko yau na tsinko sabo ba zai bushe ba. Na zauna a ɗaki na yi kuka mai isata, na fara tunanin wane hijabi ne zai jure ƙurar Ƙofar Wambai.

Ya Kaka ta ɗaga labule ba sallama, da kaskon turarenta a hannu. Ta ce, "Tashi. Wanda bai iya shanya ba shi yake zagin damina."

Na yi niyyar in ƙi kula ta. Ta ɗauki jaridata ta shinshina, ta yatsine fuska, ta ce wannan ai ita kanta a jiƙe take. Ta riƙa gasa takardun a saman garwashi ɗaya bayan ɗaya har suka yi ɗumi suna ƙara. Ta ce haka uwarta take busar da ganye a damina: takarda mai ɗumi, a canja safe da yamma, a sa ganyen darbejiya a gefe saboda ƙwari.

Har yanzu ina jin haushinta. Amma takardar ta bushe ƙayau.

Asabar, 30 ga Agusta

Ya Kaka ta ce da ita za a je tsinko. Da sandarta, tana tafiya tana hutawa. Kowace ciyawa sai ta tsaya ta gaishe ta da suna. Wannan filasko, mai wanke ciki. Wannan gasaya. Wannan nonon kurciya. Wannan duman kada, kar ki bari akuya ta ci. Ta hana ni tsinkar na juji, ta kai ni wani lungu a bayan dutsen da ban taɓa sanin da shi ba, duk da a unguwar aka haife ni.

Na riƙa rubuta sunayen a bayan kwali. Don kar in rikita su ne kawai.

A tsagar dutse na ga wani ɗan mitsitsin fure shuɗi. Na tsinka. Ta karɓa ta daɗe tana kallo, ta miƙo mini, ba ta ce komai ba. Ita da ba ta iya shiru.

Juma'a, 5 ga Satumba

Maulidi. Gida cike da baƙi, ni ina gasa takarda. Kayana duk ƙamshin turaren Ya Kaka suke yi, har furannin.

Wata baƙuwa ta tambaya wace ce 'yar mai ganyen, aka nuna ni. Ban ɗago ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Na manna furannin da gam, da matsefata nake ɗauka don kar su karye. Goma cif, har da ɗan shuɗin nan shi kaɗai a firam ɗinsa. Ƙasan takardar ya yi fili da yawa, sai na rubuta sunan kowanne da abin da Ya Kaka ta ce yana yi. Cike gurbi ne, ba wani abu ba. Shuɗin ne kawai na bari babu rubutu.

Baffa ya leƙo ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Kai, masha Allah. Wallahi kamar na roba!"

Yabo ne fa. A wajensa babu yabon da ya fi wannan. Na ce na gode.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na rungume kwalin a adaidaita sahu, kowane rami sai na ƙara ƙanƙame shi.

Hajiya Khadijat ta buɗe, ƙamshin turare ya tashi, ta ajiye wayarta. Ta ɗauki na rai-ɗore ta karanta rubutun. Ta ce kakarta tana dafa mata shi a Gwammaja, har ta manta kamanninsa. Ta ce ros kam an sha kawo mata, duk kamarsu ɗaya, da su na zo da sai dai in koma da kayana.

Ta karɓi tara. Ta so na goman, shuɗin, na ce wannan bai kammala ba.

Ta ce in turo mata sunan da za a buga a jikin kayan kafin gobe da yamma. Na ce zan yi tunani.

Baffa ya ce alhamdulillahi, alkawari kaya ne, benci kuma zai ba wani. Ina ganin ya ɗan ji babu daɗi.

Juma'a, 12 ga Satumba

Takutaha. Tun hantsi mutane ke ta hawa dutse, hayaniya har tsakar gidanmu. Ban fita ba.

Na kai wa Ya Kaka shuɗin ɗakinta. Na ce firam ɗin ba shi da suna. Ta faɗi wata kalma da Barbarci, na sa ta maimaita sau uku, na rubuta yadda kunnena ya ji. Ta ce ba ta san sunansa da Hausa ba, kuma rabon da kalmar ta fito daga bakinta tun kafin a haifi Baffa, don babu wanda ya taɓa tambayarta.

Sai na ji bakina ya ce, "To maganin mene ne?"

Ni. Da bakina.

Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Ba ya maganin komai, 'yar nan. Muna yara muke soka shi a kitso, ni da yayata. Kyau kawai gare shi."

Ta tashi da kanta ta sauke tukunyar furen roban da Baffa ya kawo mata bara, ta ce in rataya wannan a wurin. Na rataya. Ta ce ya karkace. Bai karkace ba.

Na tura wa Hajiya sunan da za a buga: 'Yar Mai Ganye. Ba wai ina son sa ba ne, har yanzu in 'Yardada ta faɗa sai na ji wani iri. Kawai dai gajere ne, zai zauna daidai a bayan firam.