Na Ɓoye Takardar da Babana Ya Wakilta Amininsa a Kan Jinyarsa

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku karanta har ƙarshe, don ni ma ban ƙyale kaina ba.

Ni 'yar Jibiya ce. Babana tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, rabin rayuwarsa a hanyar Maraɗi ya yi ta. Da ciwon suga ya kama shi na ajiye aikin koyarwa a Katsina na dawo gida, don mahaifiyarmu ta rasu, ƙannena kuwa kowa ta kansa yake yi. Shekara shida ni ke masa allura, ni ke tuƙa masa tuwon alkama, ni ke wanke gyambon ƙafarsa. Watan jiya ya yanke jiki ya faɗi, tun daga ranar ba baki sai ido. Yanzu likitoci sun ce ƙafar ta ruɓe, in ba a yanke ba ransa na cikin haɗari, kuma ranar Litinin suke son a sa hannu.

Ina haɗa masa kayan asibiti na ɗauko gafakar Alƙur'aninsa, sai ga takarda a ciki da ajami, rubutun hannunsa, har da shaidu biyu. Shi ya koya mini ajamin, da shi kuma na karanta abin da ya ƙona mini rai. Ya rubuta cewa in hankalinsa ya gushe, ya wakilta amininsa Malam Isufu, wanda ke zaune a tsallaken iyaka, ya yanke shawara a kan jinyarsa da inda zai zauna. Kada a yanke masa wata gaɓa, a mai da shi ƙauyen da aka haife shi, can tsallaken iyakar, ya jira lokacinsa. Isufu fa! Mutumin da sai ranar kasuwa yake leƙowa, su sha fura su yi dariya ya hau mashin ya koma. Ya taɓa jin warin ƙafar nan? Ni da ke shiga ɗakinsa sau goma a yini, Baba ya tara shaidu a bayan idona, bai ga na isa ko a gaya mini ba? Wallahi na ji an ci amanata. Na naɗe takardar na tura ƙasan akwatina.

Shekaranjiya Malam Isufu ya zo asibiti. Ya daɗe riƙe da hannun Baba, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Ɗiyata, Alhaji bai bar wata takarda ba?"

Na ce, "Babu, Baba Isufu."

Ya dube ni ya ce, "To, madalla. Ni ba ni ja da ke, ke kika sha wahalatai. Shaidun nan guda ya rasu, guda shina can Agadas. Amma ran da ya rubuta sai da na ce mai, mi ya sa ba ka sa ɗiyarka ba? Ya ce, Isuhu, yarinyar nan ba ta iya sakina. In na aza mata wannan kaya, ko wanne ta zaɓa za ta ƙare rayuwarta tana zargin kanta."

Kunya ta rufe ni, amma ban fasa ƙaryata ba. Kuma gaskiya har yanzu haushin Baba bai bar ni ba, don da ya zaunar da ni ya faɗa mini da bakinsa, da ko ina kuka zan ji. In na fito da takardar, Isufu zai ɗauke shi ya tsallaka da shi, na san kuma ba dawowa. In na sa hannu, Baba zai buɗe ido ya ga babu ƙafa, ba shi da bakin tambaya, ni ce kuma zan ci gaba da tsayawa a gabansa kullum da kofin kunu.

Jibi Litinin. Me zan yi?