Darar Da Na Tarar a Gindin Tsamiya

Zuwa ga aminina Buba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan ta same ka, ko ta sami wanda zai karanta maka.

Ni ne Lawali, abokin dararka. Yanzu ina Tudun Wada a Gusau, ina dako a tasha. Ƙauyenmu na bayan 'Yankuzo ya watse.

Ka tuna gindin tsamiya ranar kasuwa? Kakana ya ce tun ba a yi hanyar mota ba kakanninmu ke haƙa gurabun dara a wurin. Manoma su kakkarya kara, ku makiyaya ku tsinto tsakuwa, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa. Haka muka tarar, haka muka ci gaba.

Kai kuwa ba ka iya faɗuwa ba. In na ci ka, sai ka ce rana ce ta shiga idonka. In kai ka ci, ba ka jefar da karana kamar yadda kowa ke yi. Sai ka kakkafa su a tsaye a gefenka, ka zana musu layi da yatsa, kamar maruƙa a igiya. "Waɗanga nawa na, Lawali, sun shiga garke." Ban taɓa ganin wani ya yi haka ba.

Sai aka tare mahaifinka a hanyar kasuwa aka kashe shi, ba a tambaye shi komai ba. Mutanenmu ne suka yi. Rugarku ta tashi, ban sake jin ɗuriyarka ba. Wasu sun ce kai ma an kashe ka a hanya.

Daga baya aka kawo mana hari da bindigogi. Inna ta tsira. Ƙanena Sanusi, wanda kake goyawa a wuya in za mu rafi, bai tsira ba.

Da kaka na saci jiki na koma in ga ko rumbu ya rage. An ƙone shi. Waɗanda suka kore mu sun zauna a garin, har sun yi dara a gindin tsamiya. Gurabun sababbi ne. A gefe guda ga karare a tsaye, an zana musu layi.

Buba, irin jerinka ne. Na durƙusa a wurin ina kuka kamar yaro.

Inna ba ta sani ba. Har yau in ta idar da salla tana sa ka a addu'a, wai Allah ya tsare mata Bubanta duk inda yake. Ni kuwa sai in rasa bakin cewa amin. In kana raye, hannunka na gani. In ba hannunka ba ne, to wataƙila gaskiyar masu cewa ka mutu ne, kuma wallahi akwai ranakun da na fi son hakan. Ina kewarka, ina kuma tsoron in gan ka.

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya jiƙan Sanusi. Kai kuma, Allah ya san wacce addu'a ce ta dace da kai, ya ba ka ita, don ni na kasa zaɓa.

Naka har yanzu,
Lawali