Ko Sa'adiyya Ta Sauka?

Yaya Mani, wai wa ya ce a kashe mana sabis ɗin waya a Ruma?

Assalamu alaikum. Ƙanenka ne Shafi'u, daga Ikko. Ina gaida Baba da Inna da kyau. Ya gona, ya jikin Inna? Ka yi haƙuri da rubutun, ka san aji uku na tsaya.

Lafiyata lau, kada Inna ta damu. An hana acaɓa a unguwar da na sauka, sai na koma tura kurar ruwa. Ƙafata tana ɗan kumbura, amma ba komai.

Da can in ana zancen gwamnati a rediyo tashi nake, in ce ina ruwana. Yau kwana arba'in ina kiranka ba ta shiga. Wai saboda ɓarayin daji aka yi. To, Allah ya sa a dace. Amma Yaya, da cikin wata takwas na bar matata. Sa'adiyya ta sauka? Tana da rai? An ce an hana hawa babur da yamma, to da me kuka kai ta asibitin Batsari? In an yi suna, ni uban ban san sunan ba.

Na ji ana hawa dutse a samu sabis. Don Allah ka hau ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in hanya da lafiya. Ko filashin ka yi min. In ɗaya ne, tana lafiya. In biyu ne na gane, ba sai ka faɗa ba.

Direban da zai kawo takardar nan ya tada mota, dole in tafi. Wayar tana hannuna.

Shafi'u