Sunan da Na Shafe da Baƙar Tawada

Litinin, 3 ga Maris

Wata takardar neman bayani kuma. Tun da aka kawo dokar nan ta 'yancin samun bayanai, duk mai biro ya zama shugabana. Shekara goma sha tara ina ɗakin fayil na ofishin kula da muhalli, babu wanda ya san ina numfashi. Yanzu ni ce mai amsa wa jama'a, kuma cikin kwana goma sha huɗu. Ko kujera ba a ƙara mana ba, balle ma'aikaci.

Ta yau daga lauyan kamfanin fenti take. Yana son kwafin duk ƙorafin da aka kawo a kansu. Ƙorafin ɗaya ne tak: wasiƙar wata ungozoma, wai tun da kamfanin ya fara zuba ruwansa a kwata, rijiyoyin unguwarsu suka canza launi, yara sai ƙuraje. A ƙasa ta rubuta: "Don Allah a ɓoye sunana, mijina a can yake aiki." Doka ta ce a ba da wasiƙar, a rufe sunan. Da sauƙi a baki.

Laraba, 5 ga Maris

Ƙa'idar ita ce a yi kwafi, a shafe suna da baƙin alƙalami mai kauri, a sake yin kwafin wanda aka shafe, shi za a bayar. Na yi na farko, tawadar injin ta ƙare. Na je wurin shugabanmu, wanda muke kira Sai Gobe a bayan idonsa. Ko kai bai ɗaga ba.

"Malama, ba shi haka nan. Baƙi ai baƙi ne."

Na bi kan sunanta da sana'arta sau uku, na sa a ambulan. Lauya ya karɓa da yamma.

Alhamis, 6 ga Maris

Innalillahi. Da safe na shafe wata takarda daban, na ɗaga ta wajen taga don tawadar ta bushe. Sai ga sunan da na shafe, raɗau, harafi bayan harafi, yana kallona ta ƙarƙashin baƙin. Na zauna a kan kwalin tsofaffin fayil.

Ofishin lauya ma ai akwai taga.

Juma'a, 7 ga Maris

Wataƙila bai ɗaga ba. Wane ne ke ɗaga takarda sama in ba mahaukaciya irina ba?

Lahadi, 9 ga Maris

Na gaya wa Baban yara. Yana gyaran fanka a tsakar ɗaki, ya ce in ja bakina in yi shiru, wa ya gan ni? Shi da kullum yake yabon dokar nan, wai da ita aka tono cewa gadar unguwarmu ta shekara shida ba a duba ta ba. Na ce masa masu tonon suna gida suna shan iska, ni ce mai riƙe da alƙalami. Ya ce to, mai alƙalami, miƙo mini sukurudireba.

Ban yi dariya ba. Tsoro nake ji, irin wanda ke sa abinci ya zama kamar yashi a baki.

Talata, 11 ga Maris

Lauya ya bugo waya. Murya a sanyaye, har da tambayar iyali. Sannan ya ce, "Ungozomar nan ba ta sake rubuto wata ba?"

Ban taɓa ce masa ungozoma ce ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ce ina da ciwon haƙori, na fita. Mota biyu na shiga kafin in isa ƙaramin asibitin da ungozomar take aiki. Na same ta tana wanke hannu a roba, 'yar gajeruwa, ba ta kai ni shekaru ba. Tun kafin in buɗe baki na ga idonta a kumbure.

An sallami mijinta jiya, ba dalili. Kuma wasu maza biyu sun tsaya a ƙofar gidansu, suka tambayi maƙwabciya makarantar da 'yarta take zuwa. Tambaya kawai suka yi, suka tafi.

Na faɗa mata komai, har tagar. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ta daɗe tana goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, ruwan fa? An gwada?"

An gwada, wata bakwai da suka wuce. Rahoton yana cikin fayil mai ruwan ɗorawa, a hagun teburina, kullum ina ɗora jakata a kansa. Ban faɗa mata abin da ke ciki ba, ba ni da ikon haka. Na ce dai babu wanda ya taɓa nemansa. Takardar neman layi uku ce, da kwanan wata, ba sai ta faɗi dalili ba.

"Da sunana?"

"Da sunanki."

"To ai yanzu me ya rage a ɓoye?"

A hanya na yi ta waiwaye kamar wadda ta yi sata.

Litinin, 17 ga Maris

Ungozomar ta zo da takardar neman rahoton, da mata bakwai a bayanta, biyu da goyo. Idan hatimi ya sauka a kan takarda, kwanaki sun fara ƙirguwa, babu mai tsayar da su. Na ji takun Sai Gobe a baranda. Na buga. Hatimin ya karkace, amma kwanan watan ya fito.

Bayan sun tafi ya rufe ƙofa. Ya ce ai da na ce su dawo gobe. Ya ce ashe ina da ƙwazo haka, to ɗakin fayil na reshenmu na bayan gari yana neman mai ƙwazo. Na ce Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe. Na shiga bayi na yi kuka.

Laraba, 19 ga Maris

Wata farar mota a bakin layinmu tun asuba. Baban yara ya ce ta baƙin maƙwabta ce. Na raka Auta makaranta da kaina.

Juma'a, 28 ga Maris

A rahoton akwai sunayen masu gidajen da aka ɗebi ruwansu. Na shafe, na kai shagon kwafi na bakin titi, na dawo na ɗaga kowane shafi wajen taga. Baƙi ƙirin.

A tsaye ungozomar ta karanta, a gabana. Da ta zo kan lambar rijiyar asibitinsu, yatsanta ya tsaya. Ta ce, a hankali, "Da wannan ruwan nake wanke jarirai." Ta ninke takardar ta sa a ƙirji, ta ce yau za su rufe rijiyar.

Ban ce dokar nan tana da kirki ba. Mijinta bai koma aiki ba, kuma ni na jawo. Takardar canjin wurin aikina tana cikin jaka, ranar Talata zan fara a bayan gari. Har yanzu gabana yana faɗuwa in waya ta yi ƙara.

Kafin in kulle ɗakin, na rubuta samfurin layi ukun nan da manyan baƙaƙe, na manna a jikin tagar da jama'a ke tsayawa. Don kawai kada su dami wadda za ta gaje ni da tambaya. Na sa gam sosai, sai an sha wahala kafin a ɓamɓare.